Tankin fetur ɗin jirgin Alhaji a Lagdo, yadda muka cire na farko muka saka wani

Jirgin na wani dattijo ne mai fataucin kifi a Lagdo da ke arewacin Kamaru, na faiba ne (wato fibreglass, ba katako ba) mai tsawon mita 7 da ɗoriya, an rataya masa injin Yamaha Enduro 40 a baya, irin wanda ake tayarwa da igiya ana haɗa masa fetur da man haɗi. Aikin jirgin shi ne ya shiga tafki da asuba ya zaga sansanonin masunta ya kwaso ɗanyen kifi, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa in an dace, a danne da ƙanƙara a fito da shi gaɓa kafin rana tayi zafi, daga nan mota ta ɗauka sai Garwa. Wanda bai san Lagdo ba kar ya ɗauka ɗan ruwa ne, tun da 'yan China suka gama madatsar a 1982 aka tare Binuwai ruwan ya malale sama da murabba'in kilomita 500, in ka nausa can wajen da kogin Mayo Rey ke shigowa tafiyar awanni ce, kuma man da zaka samu a can ciki ga tsada ga shi baka san me aka zuba masa ba. Injin 40 kuwa in ka buɗe masa wuta gaba ɗaya kusan lita 20 yake sha a awa, tankin da yake zuwa da shi lita 24 ne kawai, to ka ga dole a riƙa lodin jarkoki.

Jarkokin nan su suka ishi Alhaji. Sun cinye wajen da ya kamata a sa kifi, duk sanda ɗaya ta ƙare sai an tsaya tsakiyar ruwa ana juye wata jirgi na rawa mai na zuba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne matan da ke sarin kifi a gaɓa sun fara shinshinawa suna cewa yana warin esans, wato fetur, suna karya masa farashi. Shi ne yace a ƙera masa tanki guda babba a kafe shi a jirgin a huta.

Tunanin daidai ne wallahi, inda aka samu matsala shi ne yadda aka yi shi. Wani mai walda a gari ya ƙera masa, mutumin kirki ne kuma hannunsa na da kyau a ƙofa da taga da tankin ruwa, to abin da ya sani shi yayi, ya yi tankin ruwa aka zuba masa fetur. Baƙin ƙarfe ne an shafa masa jan fenti, famfo a ƙasa, murfi a sama an huda shi da ƙusa wai ya sha iska, cikinsa fayau babu shamaki ko ɗaya, aka gicciye shi ƙarƙashin bencin baya aka rufe da katako ruf, batirin da suke kunna fitila da cajin waya yana nan gefensa da wayoyi a murɗe da hannu. Tiyon da ya tafi inji kuma farin nan ne na ruwa wanda ake hango abin da ke cikinsa.

Ni da aka kira ni ba maganar tanki aka kawo min ba, cewa aka yi inji ne ya lalace. Direban yace min yaya, in mun tashi lafiya lau yake, sai mun yi nisa ya fara shaƙewa yana ja baya kamar zai mutu, in mun tsaya mun ɗan huta ya dawo daidai. Sun canja fulogi, an wanke kabureta, har an fara cewa a buɗe injin a duba fistin. Ban taɓa injin ba, cewa nayi a kawo min jan tankin nan na asali na lita 24 muka jona muka shiga ruwa, inji ya riƙa gudu babu ko tari. Muka mayar da shi kan sabon tankin, bayan ɗan lokaci ya fara shaƙewa, nace wa yaron jirgi buɗe murfin, yana buɗewa muka ji fuuu iska ta shiga, nan take inji ya warware. Shikenan an gano, hudar ƙusar nan fenti da ƙura sun toshe ta, mai na fita iska bata shiga ta maye gurbinsa, shi kuma fam ɗin man da ke jikin irin wannan injin ɗan ƙaramin abu ne, faifan roba ne ke bugawa, bashi da ƙarfin da zai yi ja-in-ja da tankin da ya riƙe numfashi.

Amma ba wannan ne ya tayar min da hankali ba. Da muka ɗaga katakon bencin warin da ya bugo ni sai da na ja da baya, ƙasan wajen duk ya jiƙe, zaren famfon na tsattsafo da mai kaɗan kaɗan, tiyon ruwan nan fetur ya busar da shi ya yi tauri ya fara tsagewa a baki. Mutane da yawa suna ɗauka ruwan fetur shi ne abin tsoro, a'a, tururinsa ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, a mota ko babur in ya zuba ƙasa yake bi iska ta kwashe shi, amma jirgi kwano ne, duk abin da ya sauka ƙasa nan zai kwanta bashi da hanyar fita. Kuma ba sai ya yi yawa ba, in tururin ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wajen ya isa ya kama wuta, har zuwa wajen kashi 7.6. Rufaffen waje kamar ƙarƙashin bencin nan, fetur ɗin da bai cika ƙaramin kofin shayi ba in ya zama tururi ya isa ya cika shi, sai kawai a jira tartsatsi ɗaya daga wayar batir ɗin da ke nan gefe, ko fasinja ya ƙyasta ashana. Kuma akan wannan bencin direba yake zama, wani lokaci har da mata da goyo da ake ragewa hanya daga sansani. Ranar ban bari jirgin ya koma ruwa da tankin ba.

Na samu Alhaji a rumfarsa nace ranka ya daɗe injinka lafiyarsa ƙalau, tankin ne za a cire gaba ɗaya. Bai ji daɗi ba, kuɗinsa ne ya riga ya fita, yace ɗana ba za a iya gyara shi ba, a faɗaɗa hudar a ɗaure famfon da kyau? Nace Alhaji in aka faɗaɗa hudar inji zai daina shaƙewa amma tururin zai riƙa fitowa cikin jirgi fiye da da, famfon ƙasa kuma ko yau an ɗaure shi ranar da ya karye ko tiyo ya zame duk abin da ke cikin tankin ƙasan jirgi zai sauka babu mai tare shi. Na nuna masa tsatsar da muka kakkaɓo daga ƙaramin filtan inji, ja wur, tankin bai daɗe ba ya fara cin kansa ta ciki saboda zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu da ake shigowa da shi daga Najeriya, ba a raba shi da ruwa. Ya yi shiru can yace to araha dai bata ado, yi yadda ka gani.

Wani abu da na tsaya a kai sosai, tsohon tankin ba a kai shi wajen walda ko yanka ba. Tankin da ya taɓa shan fetur ko an juye shi tas, shi ne lokacin da ya fi haɗari, cike yake da tururi, masu walda da yawa sun rasa ido da hannu a kan haka. Mun tsiyaye shi a fili nesa da wuta muka cika shi da ruwa da omo muka ajiye.

Sabon na alminiyam muka yi, kauri milimita 3, wajen mai waldar agon, wato mai walda da iskar gas ta argon, don walda ta wuta ta yau da kullum bata yin alminiyam yadda ya kamata. Da an samu tankin roba na kamfani wanda aka yi don fetur mai girman da muke so da shi zan ɗauka, ba ya tsatsa ba ya buƙatar walda, amma kar wani ya ji haka ya ɗauko duron roba na ruwa ko na manja, ba abu ɗaya bane. Awon da muka yi tsawo santimita 100, faɗi 50, tsayi 30, lita 150 kenan, aka sa shamaki ɗaya a tsakiya da aka yanke masa kusurwoyi sama da ƙasa don mai da iska su riƙa wucewa a hankali. Amfanin shamakin nan sai wanda ya tuƙa zai faɗa maka, tsohon tankin da aka gicciye in ya kai rabi aka karya kwana duk man gefe ɗaya yake rugawa jirgi ya karkata, direban ya ɗauka halin jirgin ne. Duk wata ƙofa ta sabon tankin a samansa take, ta zubawa da ta numfashi da ta jan mai da ta sandar awo, gefe da ƙasa babu huda ko ɗaya. Bututun jan mai daga sama ya sauka ya tsaya kamar santimita ɗaya da rabi kafin ƙasa, ta ɓangaren baya don in jirgi ya ɗaga goshi can mai ke taruwa, ɗan ratar nan kuma ita ke hana shi zuƙo ruwa da dattin da suka kwanta. A bakinsa muka sa makulli da hannu ke kaiwa ba sai an ɗaga komai ba.

Akan famfon ƙasa mun ɗan ja da Alhaji, shi yana so a bar masa don ya riƙa tsiyayar wa babur ɗinsa kuma a riƙa zubar da ruwan da ya taru. Nace Allah ya baka haƙuri wannan kam ba zan saka ba, in ana son ɗiban mai ko zuƙe ruwan ƙasa ga ƙofar sandar awo nan a zura siririn tiyo da fam ɗin hannu, ya fi wahala kaɗan amma ba ya zuba da kansa cikin dare.

Sai inda zai zauna. Fetur lita ɗaya wajen gram 740 ne, lita 135 da za a riƙa zuba masa kilo 100 kenan, buhun siminti biyu fa, ka ɗora wannan a can baya inda inji mai kilo 70 da wani abu yake ga direba ga batir, shi yasa gindin jirgin ke nutsewa goshi na kallon sama yana cin mai a banza. Muka matso da shi gaba kaɗan bayan tsakiyar jirgi, muka miƙar da shi bisa tsawon jirgin daidai kan layin tsakiya, ƙasa iya yadda za a iya. Ba a so kuma ya yi ƙasa ko nisa fiye da kima don ɗan fam ɗin nan na inji kar a wahalar da shi, tiyon muka ja shi a miƙe babu lanƙwasa mai kaifi.

A wajen zaunar da shi ne mutane suka fi yin kuskure don suna ganin alminiyam ba ya tsatsa. Gaskiya ne ba ya yin jar tsatsa, amma in ya zauna kan jiƙaƙƙen abu da iska bata shiga, kamar katako ko soso ko tsumma, sai ya riƙa yin farin gari yana hudewa ƙanana ƙanana ta ƙasa inda ido baya kaiwa, jirgin kifi kuma kullum cikin ruwan ƙanƙara da jini yake. Yaron jirgi ya kawo tsohon tub na taya wai a shimfiɗa, nace a'a ƙanena, baƙar robar taya akwai gawayi a cikinta, in ta jiƙe tana manne da alminiyam cin sa take. Filastik mai tauri muka yanka sala sala kauri kamar milimita 6 muka manne su a ƙasan tankin da gam ko'ina ya kama babu inda ruwa zai laɓe, sai ya zama tankin a ɗage yake iska na wucewa ruwa na gangarewa. Muka kafa masa matokara gaba da baya da gefe, muka ɗaure shi da ɗamara biyu ta inoks, wato farin ƙarfen nan da baya tsatsa, da filastik tsakaninta da jikinsa, ka tura da ƙafa ko motsi. A tafkin nan akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, ranar da jirgi ya daki ɗaya da gudu kilo 100 ɗin nan gaba zai so ya wuce. Haka nan ba mu ɗaura tagulla kai tsaye a jikin alminiyam ba, ƙarafan biyu basa shiri in akwai damshi, inoks muka sa a tsakani.

Bakin zuba mai muka fitar da shi kan gefen jirgi ta yadda in ya zuba waje zai bi ba ciki ba, da tiyon fetur na gaske mai faɗin milimita 38, kowane baki kolye biyu na inoks, wato zoben da ke matse bakin tiyo. Tiyon inji milimita 8, shi ma na fetur, ana ganin rubutu a jikinsa, in ka samu mai ISO 7840 to shi ne na jirgin ruwa wanda ke jure wuta na ɗan lokaci. Tsakanin tanki da inji muka sa filta mai raba ruwa da mai, mai kofi a ƙasa da ake gani ana tsiyayewa, sannan robar nan da ake matsawa da hannu don tura mai zuwa inji, kibiyar jikinta na kallon inji.

Tiyon numfashi shi na fi ɓata lokaci a kai don shi ne asalin ciwon. Milimita 16, ya tashi daga saman tanki yana hawa babu inda ya yi ciki da mai zai kwanta ya toshe shi, ya yi baka sama sannan ya fita ta jikin jirgi waje ƙasa da baki kaɗan, bakinsa na kallon baya da ƙasa don igiyar ruwa kar ta shiga. A bakin akwai raga ta ƙarfe mai ƙananan ido, tana hana harshen wuta bi ta ciki, kuma a wajenmu tana da wani aiki na biyu, zanzaro, in jirgi ya kwana biyu a gaɓa zai zo ya gina ɗakin laka a cikin duk wani rami da ya samu, shikenan ka koma gidan jiya inji na shaƙewa. Batir kuma muka ɗauke shi gaba ɗaya muka kai shi akwatinsa daban nesa da tanki, aka sa masa kan waya na kirki da fis. Muka ja waya ɗaya ta haɗa ƙarfen bakin zubawa da jikin tanki ta tafi jikin inji, saboda lokacin hunturu iska a bushe take, mai na gangarowa daga jarkar roba yana iya tara wutar da zata yi tartsatsi a bakin tanki. Murfin da ya rufe wajen na sukuru ne ana ɗagawa, da tagogin iska gefe da gefe, Alhaji ya so a shafe shi da faiba ruf a riƙa lodi a kai, nace lodin dai ayi amma abin da ba a iya buɗewa ba a iya dubawa.

Kafin fetur ya taɓa shi sai da muka gwada shi da iska. Aka toshe duk ƙofofi aka hura da fam ɗin keke har gejin awon ƙarfin iska ya nuna bar 0.2, wanda bashi da geji ya samu farin tiyo ya lanƙwasa ya zuba ruwa, in bambancin ruwan ya kai mita 2 to an kai. Dan Allah kar wanda ya kai wa mai faci ya hura da kwamfuresa, wannan 'yar iskar ta 0.2 a saman tanki mai santimita 100 da 50 nauyin da take turawa ya kai tan ɗaya, iskar taya kuwa ta ninka haka sau goma, kumbura shi zata yi ko ta fasa. Muka bi duk layin walda da ruwan omo, sai ga kumfa na tashi siriri a gindin bututun jan mai, huda ce da ido baya gani. Aka mayar wa mai agon ya cike, abu mai sauƙi tunda tankin bai taɓa ganin mai ba. Bayan an kafe shi an jona tiyo duka muka sake gwajin a cikin jirgin, geji ya tsaya cak bai sauka ba.

Sandar awo ta katako ce, lissafinta ba wuya, da wannan faɗi da tsawon kowane santimita ɗaya lita 5 ne, amma duk da haka da muna zubawa jarka jarka muna yin alama jirgi na kan ruwa. A santimita 27 muka yi jan layi, lita 135, daga nan ba a ƙarawa. Dalili shi ne fetur na kumbura da zafi, wajen kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, ka cika tanki da sanyin asuba rana ta Maris ko Afrilu ta haura 40 ta dake shi, lita biyu zuwa uku zasu ƙaru kuma sai sun nemi hanya. Man haɗi kuma a jarka ake haɗawa kafin a juye, rabin lita a jarkar lita 25, wato ɗaya cikin 50, in ka zuba shi kai tsaye cikin babban tanki mai shamaki baya gauraya daidai, inji ya sha wani waje da yawa wani waje babu.

Da muka fita gwaji da lodi inji bai shaƙe ba, jirgin ya kwanta daidai kan ruwa ya daina ɗaga goshi, kwana ma ya daina karkata, ka sa hanci ta tagar iskar babu wari. Kuɗin aikin ya ninka na farko fiye da sau biyu ban ɓoye wa Alhaji ba tun farko, amma man da ke cikin tankin kaɗai in ka lissafa da farashin gidan mai na sefa 840 da aka sa a Fabrairun 2024 ya haura sefa 113,000 a cikawa ɗaya, zuwa-zuwa ma tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ya daina araha irin ta da, ba abin da za a bari yana tsiyaya bane ko da babu maganar rai.

Matsala ɗaya ta biyo baya, direban ya dawo yace min mai na fita ta gefen jirgi da rana. Na duba sanda sai na ga sun cika shi har wuya, wai don kar a bar waje a banza. Na zaunar da shi da yaron na sake nuna musu jan layin, na nuna musu yadda ake tsiyaye kofin filta kowace safiya kafin a ja igiya, a ranar ma ruwa ya kai yatsa ɗaya a ciki. Jan tankin lita 24 na hana a fitar da shi daga jirgi, a cike yake a ɗaure can gaba inda iska ke kaɗawa, in wani abu ya samu babban layin a cire a jona shi a dawo gida, kuma na sa Alhaji ya sayi abin kashe gobara irin mai hoda an rataye inda hannun direba ke kaiwa. Mun yi da shi in damina ta wuce za a ɗaga murfin a duba ƙasan tankin da kolye da ragar numfashi. Yanzu yana maganar a yi wa ɗayan jirginsa na katako irin wannan, nace masa sai na ga jirgin a kan tudu tukuna, na katako yana motsi a jikinsa kuma ƙasansa baya rabuwa da ruwa, zaman tankin ba zai zama iri ɗaya ba.